Mutumin da Kawu Ya Kayar a Kalgo

Ni dai ban da koyarwa, ba abin da ke cin lokacina kamar finafinan faɗa. Ba kowane iri ba, irin wanda ake tara ƙarti a ƙarƙashin wani tsohon gini, a kulle su cikin kejin ƙarfe, masu kuɗi na sama suna ihu, ba alƙali ba mai rabo. Duk mako sai na kai wayata wurin masu turi a Gwandu an zuba min biyu ko uku masu fassarar Hausa.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya ɓata min kallon. Tsohon mahauci ne, kuma ɗan dambe a zamaninsa. Duk sunan da ya yi, a dambe ɗaya ya yi shi: wata kaka ya je Kalgo ya kayar da gwaninsu da ba a taɓa kaiwa ƙasa ba, da naushi guda. Tun ranar idon mutumin na hagu bai ƙara gani ba. Lokacin ba a haife ni ba, amma labarin na ji shi har ya gundure ni, don in Kawu ya ratsa mahauta har yau da shi ake masa kirari.

Wata Asabar da hantsi ya tarar da ni a zaure ina kallo, ya zauna. Na ɗauka zai ji daɗi. Ina! Jarumin ya naɗa wa wani ƙato duka, an wuce zuwa faɗa na gaba, sai Kawu ya dafa hannuna.

"Maido baya. Wanga da ya faɗi, ina aka kai shi?"

Na ce, "Kawu, ai ba a nunawa. An gama da shi."

"Ba shi da gida?"

Haka muka yi ta yi. Duk wanda ya faɗi sai na mayar baya ya ƙura masa ido. Wallahi raina ya ɓaci, fim ɗin awa ɗaya da rabi ya kai mu har azahar. Da aka gama ya ce, "Ni ma ban waiwayi nawa ba. Ɗauka ta aka yi a kafaɗa, ana kiɗa, muka taho." Ya ce tsufa ya zo, yana tsoron ya tafi da hakkin idon mutum a wuyansa. In kai shi Kalgo ya roƙi gafara.

Na yi ta kawo uzuri, don ina gudun a ci mutuncinsa a gabana. Bai saurare ni ba. Ranar Lahadi muka shiga mota.

Ba mu sha wahalar neman gidan ba. Mun same shi a ƙofar gida yana gadin shanyar shinkafa da 'yar sanda, yana korar awaki. Tsoho ne dogo, duk ya rame, idon nan ya yi fari fat. Kawu ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne. Mutumin ya karkato da lafiyayyen idon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa aka kawo tabarma da ruwa.

Bayan gaisuwa Kawu ya durƙusa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Na zo ka yafe min. Ni na kayar da kai, ni na ɓata maka ido."

Tsohon ya buga sandar a ƙasa. "Kai ka kayar da wa? Santsi ne! An zubar da ruwa wurin, ƙafata ta goce, na faɗa kan hannunka. Idona kuwa, wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa. Tun daga Gwandu ka taso don ka zo ƙofar gidana ka ce ka kayar da ni?"

Dariya ta kusa kuɓuce min, sai na ga tsohon ba da wasa yake ba. Ashe idon ya daɗe da haƙura da shi, faɗuwar ce bai taɓa yarda da ita ba. Maƙwabta sun fara matsowa. Na kalli Kawu, don na san zafin zuciyarsa, kuma na san ba shi da wani abin alfahari a duniya sai wannan naushin.

Kawu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Gaskiyarka. Santsi ne. Na ga ruwan."

Tsohon ya sauke numfashi. Ya miƙo hannu ya ce, "To, in haka ne, na yafe maka duniya da lahira. Tashi, ƙasa da zafi."

Muka kamo hanyar komawa har muka wuce Kambaza. Ina satar kallon Kawu, tausayinsa ya cika ni. Shi ya juyo.

"Ka ji abin da na ce a can?"

Na ce na ji.

"To, gobe kai za ka raka ni mahauta in faɗa musu. Ni kaɗai ba zan iya ba."