Shekarar da sabara ta shiga lakwal

Shekarar da aka ba ni aji a lakwal ɗin Madarumfa, wato makarantar boko, fitsari ya fara yi wa Baba gardama. Mutumin da ya tsufa yana jan taru a tabki, sai ga shi yana ɗaukar buta sau goma kafin azahar, ya dawo yana tsaki. Inna ta shiga dafa mishi ganyen sabara safe da marece.

Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Wandona da karin guga, alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Na kifar da tukunyar, na yi mata bayani da Hausa gauraye da Faransanci cewa zamanin ganye ya wuce. Ta bari na gama, ta kwashi tukunyarta ta koma dafawa a gidan ƙanwarta.

Na kai Baba asibitin Maraɗi. Likita ya ce ƙullutu ne a ƙasan mafitsara, irin na ciwon daji, ya sa mishi robar fitsari. A bakin ƙofa na haɗu da wani ma'aikacin asibitin da muka yi aji ɗaya. Ya ce ya ji a ƙasar Turawa an zuba ƙwayoyin irin wannan ƙullutu a kwanon gilashi, an ɗiga musu ruwan wani ganye, suka mutu. Bai san sunan ganyen ba, amma yana zaton dangin sabara ne.

Kashegari na hau keke zuwa hanyar Safo, na saro sabara dami guda.

"Inna, a dafa wa Baba wannan. Masu ilimi sun tabbatar."

Ta dubi damin, ta dube ni. "Ikon Allah. Ashe ita ma sabarar an sa ta lakwal."

Baba yana kishingiɗe a zaure, ya kira ni da sunan da yake zolayata da shi, wanda yaran lakwal ke kiran malami da Faransanci. "Mushe, a kwano ka ce suka mutu?"

"A kwano, Baba."

"To nawa ba a kwano suke ba. A kwano ai ko barkono ka zuba musu sai su mutu."

Labari dai ya riga ya fita. Dattawan da suka rantse lafiyarsu lau suka fara aiko neman sabara, kowa wai wani abokinsa zai ba. Kafin kaka, duk sabarar da ke kewayen gari ta zama tsinke.

Baba ya ci gaba da shan na Inna, ana canza mishi roba a Maraɗi. Ya ƙara damina biyu, Allah Ya karɓi abinsa ana cikin yankan gero.

A wurin zaman makoki wani tsoho ya ja ni gefe, ya rage murya, ya tambaye ni ganye nawa Baturen ya sa. Na ji kunyar in ce ban sani ba, na ce bakwai. Ya gyaɗa kai, ya ce ai shi ma wanzaminsa bakwai ya ce.