Barakatu da Tukunyar Karnuka

Duk wanda ya zauna a gefen Wara bayan cikar tabkin Kainji ya san Barakatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai saurin tafiya da saurin magana, wadda in ta fito bakin ruwa neman kifi karnukan gari ke rufa mata baya. Mata suna yi mata tsiya, wai ita kaɗai ce a ƙasar Yauri take hura murhu biyu, ɗaya na maigida, ɗaya na kare. Ba ƙarya suka yi mata ba. Abin haushin shi ne masu tsiyar ba su cika faɗin yadda abin ya faro ba, alhali a gabansu aka yi.

An haifi Barakatu a Gungun Cindo, wani tsibiri a tsakiyar Kwara, inda mutane ba su san komai ba sai kifi da albasa. Tun tana ƙarama take ɗibar ruwa da ƙwarya tana watsa wa fangalin albasar ubanta. A gungun nan albasa ta wuce kayan miya. Mura ta kama ka, albasa. Kunama ta harbe ka, a goga maka albasa. Ko ciwon da ba a san kansa ba, kafin a nemo mai magani an riga an yanka ta. A shekarar da aka sami 'yancin kai aka aurar da Barakatu ga Mati, mutum mai sanyin hali wanda magana ke yi wa wuya. Bayan 'yan shekaru ya zo da wata kwikwiya baƙa mai farin ƙafa ɗaya, aka sa mata suna Farar Ƙafa. A tsibiri ba ɓarawo ba namun daji, don haka aikinta kawai barci a cikin jirgin Mati da cin abin da aka rage.

Sai ga zancen dam, madatsar ruwan da za a gina a Kainji. An daɗe ana faɗa ana dariya, har ranar da aka ce ruwa zai haɗiye gungun, kowa ya tattara. A 1968 aka kwashe su zuwa tudu kusa da Wara, aka ba su sababbin ɗakunan siminti. Suka ƙi canza suna, suka ci gaba da kiran wurin Gungun Cindo, ko da yake sai ka yi tafiya kafin ka jiƙa ƙafa. Kafin tashin, an cire albasar ƙarshe gaba ɗaya. Kowane tsibiri ya cire tasa a lokaci guda, kasuwar Yauri ta cika ta batse, masu saye suka ƙoshi. Aka lodo sauran a jirage aka jibge a ɗakuna. Damina ta shigo, albasa ta fara ruɓewa, kuma ɗan gungu ba ya iya kallon albasarsa ta lalace. Sai aka hau ci. Miya albasa, romo albasa, ɗumame albasa, abin da ya rage a zuba wa karnuka.

A tudu babu fangali, sai gonar dawa da Mati ya sare a bakin daji. Ita ce abincin gidan na shekara, babu wata. Dajin kuwa cike yake da birai, kuma biran nan ba su ɗauki mutum a bakin komai ba. Ka jefe su, su hau bishiya su jira ka gaji. Kare kaɗai suke tsoro. Rana ɗaya karnukan da aka raina suka zama masu daraja a gari, kuma a daidai lokacin suka fara mutuwa.

Kare zai kwanta ya ƙi tashi, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya yi ja, bayan 'yan kwanaki a ja shi daji. Bakwai suka tafi haka. Wasu suka ce iskokin kogi ne suka yi fushi da aka bar su, wasu suka ce kewar gungu ce. Da dawa ta fara fitar da kai, Farar Ƙafa ma ta kwanta. Hankalin Barakatu ya tashi, don ta san in karyar nan ta mutu, birai ne za su yi girbi. Ta yi abin da duk 'yar gungu za ta yi wa mara lafiya. Ta dafa romon kifi ta cika shi da albasa, ta daka ɗanya ta ƙara, ta riƙa ɗura mata safe da yamma. Kullum karyar sai ƙara lafkewa take yi.

Wata hantsi ta shiga gidan wani tsoho mai suna Yohanna aron rariya. Tana sa ƙafa wani jan kare ya yo kanta da gudu, gashinsa na sheƙi, yana tsalle yana kaɗa jela. Ta tsaya cak da mamaki, ta dubi Dudu matar gidan.

"Inna Dudu, mi kike ba karen ga? Na kowa na mutuwa, naku sai ƙiba."

"Mi nika ba shi, ɗiyata? Abin da munka rage. Ga tukunya nan, duba."

Barakatu ta buɗe, ta lakato miyar ta ɗanɗana. Lami.

"Inna, miyar ga ba albasa."

"Ina fa albasa. Babanki Yohanna cikinai ba ya ɗaukarta. Tun da anka kawo ni gidan ga ban jefa ko ƙwara guda cikin tukunya ba. Rabon albasad da munka samu ma, maƙwabta munka ba."

Barakatu ta san maƙwabtan. Karnukansu biyu ne suka fara mutuwa. Ta tsaya da murfin tukunya a hannu tana bin gidajen gari a ranta, gida bayan gida, kuma ko'ina zancen ɗaya ne. Gabanta ya faɗi da ta tuna abin da ta ɗura wa karyarta da safen nan, da hannunta, don tausayi. Amma murna ta fi ƙarfin tsoron, don yanzu ciwon yana da suna. Ta manta rariyar da ta zo aro, ta fita a guje ɗankwali a hannu.

Ta tarar da Mati yana wasa lauje. "Maigida, albasa ta! Mu munka kashe su da albasa."

Mati ya ɗago ya dube ta. "Albasad da ta rene mu, mu da kakanninmu?"

"Ta rene mu, ba ta reni kare ba. Tafi gidan Baba Yohanna ka gani da idonka."

Bai je ba, bai kuma hana ta raba karyar da albasa ba, wanda a wurin Mati yarda ce babba. Mutanen gari kuwa ransu ya ɓaci. An raba su da gungu, an raba su da fangali, yanzu kuma wata ta tashi tana zagin albasa. Barakatu ba ta saurari kowa ba. Ta tafi Wara ta sayo sabuwar tukunya wadda albasa ba ta taɓa shiga ba, ta kafa mata duwatsu uku a bayan ɗaki.

Girkin nata mai sauƙi ne, sai dai yana cin lokaci. Ɗanyen kifi take nema, karfasa ko tarwaɗa, ba mai banda ba. Ta fede shi ta wanke, ta dafa da ruwa zalla har tsoka ta saki. Sannan ta zauna ta bi shi da yatsu tana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, don ta taɓa ganin yadda ƙaya ke tsaya wa kare a maƙogwaro. A cikin romon take zuba tsakin shinkafa da kabewa, su nuna luguf, ta mayar da kifin ta tuƙa. Ba gishiri, ba barkono, ba daddawa. In ya huce ta gwada da ɗan yatsa, sannan ta kai. Ranar farko da ludayi ta ba ta, karyar ta lasa sau biyu ta kau da kai. Rana ta huɗu ta cinye rabin kasko. Da fitsarin ya fara washewa, Barakatu ta ja Mati da hannu har bayan ɗaki ya gani, bakinta har kunne, kamar wadda aka yi wa haihuwa.

Ba a yi mako biyu ba mata suka fara leƙowa, wai sun zo aron wuta, ido kuwa yana kan tukunya. Ta nuna wa kowa, ba ta riƙe kowa a rai ba. Tun daga nan ba a sake jan kare daji ba a shekarar, kuma tukunyar ba ta sauka ba har Barakatu ta tsufa. Masunta suka saba ajiye mata ƙananan kifi, mafarauta daga Ngaski da Shanga suka riƙa zuwa tambayar yadda ake yi.

Amma a makonnin nan na farko ba suna take nema ba, dawa take so ta tsira. Farar Ƙafa tana ci, tana ɗaga kai, sai dai ƙafafunta rawa suke yi in ta miƙe. Dawa kuwa ta yi nauyi ta sunkuya. Mati yana wuni a gona da majajjawa, Barakatu tana buga gwangwani har hannunta ya kumbura, birai suna shiga ta wancan gefe suna karya zangarniya. Sun riga sun cinye kunya goma ta bakin daji.

A mako na uku, da sassafe, ta je bayan ɗaki ta tarar da buhun da karyar ke kwanciya a kai babu kowa. Ta san halin kare, in ya ji mutuwa ta zo sai ya ja jiki ya ɓuya. Ta duba bayan rumbu, ta duba cikin ciyawa, tana kiran sunanta. Sai ta jiyo haushi daga nesa, ta wajen gona, a dushe amma ba ya yankewa.

Ta ruga, ƙaya na kama mata zane ba ta ji ba. Tana isa ta hango Farar Ƙafa a kan suri a tsakiyar gona, haƙarƙari a waje, ƙafafu a kafe, tana haushi iya ƙarfinta. Birai sun dare kan ɗorawar bakin daji suna leƙe, ko ɗaya bai sauko ba. Mati yana tsaye gefe, majajjawa na reto a hannunsa, ya rasa abin yi da ita. Barakatu ta zauna a kan kunya ta yi kuka sosai, na daɗi, tana dariya a ciki.

Mati ya bari ta gama, sannan ya ce a hankali, "Tun asuba ta biyo ni. Ba ta ci komi ba."

Barakatu ta share fuska da gefen zane, ta miƙe, ta koma gida a guje ɗauko tukunya.