Mama Sisiliya da Rabin Addu'a

Kowace safiya Mama Sisiliya Tankari takan sauko daga ɗakinta a unguwar Xiaobei a nan China, carbi a hannu ɗaya, kwando a ɗayan, ta nufi mahautan Musulmin China. Ita Katolika ce 'yar ƙasar Malumfashi, amma tunda akasarin masu cin tuwonta mu ne 'yan kasuwar Kano, ba ta taɓa sayen naman da za mu yi shakka a kansa ba. Kafin azahar miya ta nuna, ta aika kuloli zuwa shagunanmu a kasuwar Liuhua. Ranar Lahadi kuwa ko kai waye sai ka nemi wani wuri, tana coci.

Watan gobe za ta koma gida, gwiwoyi sun ce ya isa. Ni dai haushi nake ji, don ban san inda zan ci tuwon kirki ba. Sai dai ba tuwon ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Akwai Ilu, ɗan cocinsu mai ɗaurin kaya a unguwar Baiyun. Ya auri Lifen, 'yar garin nan, a coci, har suka haifi ɗiya. Mahaifiyarsa da ke ƙauye ta ce ba ta san zancen ba. In ya kira ta a bidiyo, da ta hango matar sai ta kife wayar. Jikar ma ta ƙi kallo. Ga tsohuwa jiki ya fara ƙi, Ilu na tsoron ta tafi ba ta sa wa gidansa albarka ba.

Mama Sisiliya ba ta kira tsohuwar ta yi mata wa'azi ba. Sai ta jawo Lifen kicin. Muna cin abinci muna jin su, ana yanka kuɓewa ana maimaita Hausa. Abdulmumini, maƙwabcin shagona, ya ce, "Mama, wai Laoban ɗin Ilu kike koya wa gaisuwa?" Laoban da yaren China shi ne shugaba, Lifen yake nufi.

Ta ce, "Ci tuwonka, Alhaji. Addu'a ce, kuma rabi kawai zan koya mata."

Daga baya ta yi mana bayani. Addu'ar carbinsu mutum biyu ke yin ta: ɗaya ya ja farko, ɗaya ya amsa ƙarshe. Tsohuwar kuwa ta tsufa a zumuntar matan coci, bakinta ya saba amsawa.

A gabanmu aka kira. Tsohuwa ta ɗauka, ta ga fuskar surukarta, hannunta ya taho zai kife waya. Lifen ta ce, "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri," ta kai har inda aka koya mata, ta tsaya. Can sai muka ji muryar tsohuwar daga wayar, "Maryamu mai tsarki..." Da ta kai Amin, ta ce, "Ilu, ɗago mini jikata in gani."

Ni Musulmi ne, ba addu'ata ba ce, amma wallahi sai da na share ido.

Mama, ke ce kika ciyar da mu ba ki tambayi inda muke sallah ba. Mun gode, Allah ya kai ki gida lafiya. Mu da muka rage, in mun ga gidan wani na rabewa, kada mu tsaya kallo. Ilu ya ce tsohuwar ta aiko a shirya, tana son ganin surukarta da Kirsimeti.