Shanun da Na Ara Don Jakada

Jos zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Asabar muka bar unguwarmu Kwararafa, ni da Danjuma, direban da na ɗauko shata daga Anguwan Rukuba. Sanyi har cikin ƙashi, amma ni gumi nake yi. Abokina Aram zan ɗauko, kuma akwai ƙaryar da na yi masa shekara ashirin da wani abu, yau ta biyo ni har gida.

Ga yadda abin yake. Lokacin Tarayyar Sobiyet na sami gurbin karatu a Yerevan, babban birnin Armeniya, aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Shi tattalin arziki yake karanta, ga tambayar tsiya. Ranar farko ya ce mece ce sana'ar babana. Kunya ta kama ni in ce tela ne mai keke ɗaya, sai na ce makiyayi ne, shanunmu ba sa ƙirguwa. Daga nan na shiga uku. Kullum sai ya zaunar da ni: yaushe makiyayi ke sayar da sa, me ya sa ba ya sayar da saniya? Ni kuwa ina ta zuba, yana rubutawa.

Bayan rabuwarmu ya koyar a jami'a. Da Sobiyet ta wargaje, ƙasarsu ta shiga wahala, ba wuta ba mai, aka kira shi ma'aikatar tattalin arziki har ya kai mataimakin minista, daga baya aka tura shi jakada wata ƙasar Larabawa. Kwatsam sai ga imel ɗinsa a shagon intanet: taro zai kawo shi Abuja, yana da kwana ɗaya rak, kuma shanun Baba yake son gani.

Mun gangara Hawan Kibo ƙarfe bakwai saura, muka karya da shayi da ƙosai a Akwanga. Na kwashe labarin na gaya wa Danjuma. Ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa.

"Oga, wannan ƙarya ya yi girma fa! Yanzu ina shanun?"

"Na aro. Arɗo Buba na Vom ya yarda."

Abuja zuwa Jos

Sha ɗaya da kwata muka isa otal ɗin, bayan tafiyar kusan kilomita ɗari uku. Na zaci zan tarar da babban mutum da 'yan rakiya. Sai ga wani mai sanƙo da tumbi ya taho a guje yana kiran "Sabo-jan!", wato Sabo abin ƙauna, yadda suke kiran na jiki. Ya rungume ni har hulata ta faɗi. Rashancina da ya yi tsatsa ya dawo nan take, kuma ban ɓoye ba, na yi hawaye.

Halinsa yana nan. A Keffi sai da ya tsayar da mu ya tambayi mai lemo wa ke kawo mata kaya. A shingen 'yan sanda kusa da mahaɗar Forest, wani kofur ya leƙo ya ce, "Wane ne wannan Bature?" Danjuma ya ce, "Ambasada ne, oga." Kofur ya dubi tsohuwar motar, ya dubi Aram da ke gaigayar masara gasasshiya, ya ce mu tafi kawai, ba ya son raini.

Mun isa gida gab da magariba. Inna, mahaifiyata, ta yi masa tuwon acca da miyar kuka, ya cinye ya nemi ƙari. Keken ɗinkin marigayi Baba kuwa tun jiya na tura shi bayan ƙofa na lulluɓe da zane.

Vom

Bakwai na safe muka kama hanyar Bukur, cikin minti arba'in muna rugar Arɗo Buba. An tarbe mu da kindirmo a ƙwarya. Arɗo ya kashe mini ido, ya ce, "Malam Sabo, ga dukiyarka nan lafiya lau."

Aram ya zaro ɗan littafi ya ce in tambaya guda nawa ne. Wanda ya tashi a ruga ya san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, ni kuwa ɗan tela na fassara tambayar tsaf. Fuskar Arɗo ta canja.

"Malam, kai ma? Ba ma ƙirga su a nan. Allah ya ƙara albarka, shi ke nan."

Don in gyara ɓarnar, na nufi wata farar saniya zan shafa wuyanta kamar mun saba. Ashe mai jego ce. Ta sunkuyar da kai ta yo kaina. Na zubar da girma na ruga, Aram ya biyo ni, ƙaya ta kama ƙafar wandonsa ta yage shi har gwiwa. Muka tsaya bayan wani dutse muna haki.

Nan na gaji. Na ce, "Aram, ko akuya ba mu da ita. Babana tela ne."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Sabo-jan, ai na sani tun shekararmu ta farko. Ka manta da muka je ƙauyenmu, saniyar mamata ta yi atishawa ka ɓuya a bayan tsohuwa? A wancan makon kuma ka gyara mini kwat ɗin da na shiga jarrabawa da shi, har yau ban ga ɗinki kamarsa ba. Ɗinkin nan ai a gida aka koye shi."

"To, me ya sa kake rubuta abin da nake faɗa?"

"Daɗin labarin nake ji. Da na yi aiki da shi a ma'aikata, da tuni shanun Armeniya sun ƙare."

Komawa gida

Sha biyu muka dawo Kwararafa, jirgin Aram na Legas kuma ƙarfe huɗu zai tashi daga filin jirgin Haipang. Ya tsaya tsakar gida da yagaggen wando ya ce, "Jakada ba zai hau jirgi haka ba. Ina keken Baba?"

Na janyo shi daga bayan ƙofa na yaye zanen, kunya kamar in nutse. Inna ta ɗauko man keke ta miƙo mini, ta ce, "Da keken nan aka saya maka akwatin da ka tafi da shi, ɗan nema."

Aram ya ɗaura zanen Inna ya zauna a tabarma, ni kuma na hau keken na taka. Ƙarar da na tashi da ita ta cika gidan, Inna ta juya baya tana share ido. Da na gama, ya bi ɗinkin da yatsa, sannan ya ɗora hannu a kan keken ya daɗe bai ɗauke ba.

Mun raka shi filin jirgi, muka dawo gida biyar da rabi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Danjuma da Arɗo Buba, har da farar saniyar nan. Keken Baba kuwa tun ranar yana falo, ba lulluɓi.