Sabuwa, Ƙarfe da Man Kaɗanya

Matan unguwar Small Heath ta Birmingham sun san Sabuwa Bara'u da abu biyu: baƙar abaya da ƙarfin hannu. Idan ta ɗauko buhun shinkafa daga shago, sai ka ce matashin kai ta ɗauko. Wasu kan ce gado ne, wai a dangin ubanta akwai 'yan dambe. Ba gadon kowa ba ne. Ƙarfe ne ya ba ta wannan hannun, kuma da matan sun san wane ƙarfe, da gaisuwarta ma sai sun yi shawara kafin su amsa.

A Birmingham aka haife ta, ita ce auta a wurin Hajiya Latifa, daga ita sai yayanta Ubaidullah. Ubansu injiniya ne, ya rasu tana shekarar farko a jami'a a Manchester. Da ta gama sai ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ta ci gaba da zama can Manchester, a unguwar Fallowfield, cikin gidan haya na ɗalibai, har ta girmi kowa a layin. Yarinya ce mai shiru, irin wadda ake yabo a gaban 'ya'yan wasu, amma ba mai tambayarta ko tana jin daɗin shirun.

Wata abokiyar aikinta, Praise, 'yar Kafanchan, ita ta fara tsokanarta.

"Sabuwa, daga lab sai ɗaki, daga ɗaki sai lab. Ki zo class ɗin nan sau ɗaya mana. Women only ne, ko mai gyaran wuta ba ya shiga."

Ajin yana saman wani shagon darduma, an shafe tagoginsa da fenti. A ciki akwai ƙarafa takwas a tsaye, kowanne daga ƙasa har rufi, kaurinsa daidai riƙon hannu, yana ƙyalli. Turawa na kiran abin pole. Mata ne iri-iri suke hawa suna juyi a jikinsa, har da wata mai jikoki. Sabuwa ta zo da dogon wando da riga mai dogon hannu, ta kama ƙarfen, ta ɗaga ƙafa, ta zamo ƙasa tim a kan ɗuwawunta. Malamar ta yi dariya ta ce ba laifinta ba ne, tufa ba ta kama ƙarfe, fata ce ke kamawa: bayan gwiwa, cikin cinya, gefen ciki. Sai da ta yi wata biyu kafin ta yarda ta sa gajeren wando, shi ma bayan ta zagaya ta duba tagogin ɗaya bayan ɗaya.

Dokokin wurin uku ne. A goge ƙarfe da sifirit kafin a hau. Kada a juya kai ƙasa sai da katifa a shimfiɗe da mutum a tsaye kusa. Na ukun shi ne mai wuya: ranar da za a hau, ba a shafa mai. Ka ce wa Bahaushiya ta yi wanka ta fita ba mai, ai ka ce ta fita ba zane. Sabuwa ta tashi a gidan da ko gobara ake yi sai an shafa man kaɗanya kafin a gudu. Amma ta daure, ta riƙa yawo da ƙafafu fari fat a ƙarƙashin abaya, ga tabon jini da ya kwanta a cinya da ƙauri, don ƙarfen yana cizo kafin jiki ya saba.

Shekara ɗaya da rabi ta yi kafin ta iya juyawa kai ƙasa, ta maƙale ƙarfen da bayan gwiwa ɗaya, ta saki hannuwa duka biyu. Ranar ta yi kuka a bas, a hanyar Oxford Road, kuma kukan daɗi ne. A karon farko a rayuwarta ta mallaki abin da ba don kowa take yin sa ba. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, ba ta taɓa gaya wa ɗan gidansu ba. Ta san me za a ce, ta kuma san ba wanda zai tsaya ya ji bayanin ƙarfin kafaɗa. Mutanenmu idan suka ji kalmar rawa da kalmar gajeren wando a jumla ɗaya, sun gama shari'a.

Haka ta yi shekara takwas. Sai Hajiya ta fara sa buta a firiji. Tana sallar la'asar sau uku a yini, ta zuba gishiri a shayi, wata rana aka tsince ta a tashar bas tana neman motar Sabon Gari. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi, ba baya ba. Ubaidullah yana Manchester da mata da 'ya'ya uku a ɗan ƙaramin gida. Shi ya fara furta abin da kowa ke tsoro.

"Akwai care home, gidan kula da tsofaffi, mai kyau kusa da mu, Sabuwa. Suna da halal food."

"Yaya, ina raye ba za a kai Umma hannun baƙi ba."

Ta ajiye aikinta, ta kwaso kayanta ta dawo Small Heath tana da shekara talatin da shida. Wata ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, ta zo duba gidan, ta ga matattakala mai tsayi, ta ga Hajiya ba ta iya tashi daga kujera ita kaɗai, ta tambayi wa zai riƙa ɗaga ta. Sabuwa ta sunkuya ta ɗauki uwarta cak, ta kai ta banɗaki ta dawo da ita. Matar ta rubuta cewa Hajiya za ta iya zama a gida muddin 'yarta na iya wannan. Zaman Hajiya a ɗakinta ya rataya ke nan a kan hannuwan Sabuwa, kuma Sabuwa ta san inda hannuwan suka samo ƙarfinsu.

Don haka ta kafa ƙarfenta a ɗakin baya na sama. Ta bi rufin tana ƙwanƙwasawa har ta ji inda katakon yake, ta saita ƙarfen a ƙarƙashinsa, ta murɗa shi ya matse tsakanin ƙasa da rufi, ta sayo kwaɗo ta sa wa ƙofar. Bayan azahar Hajiya kan yi barcin awa ɗaya, wannan awar ita ce ta Sabuwa. Katifa akwai, sifirit akwai, mutum a tsaye ne babu. Wa za ta kira a Small Heath ya tsaya mata?

Mantuwar ta yi ta ci gaba. Hajiya ta daina ce mata Auta, sunan da ta kira ta da shi tun tana goye, ta koma ce mata baiwar Allah. Takan yi mata godiya idan ta ba ta abinci, irin godiyar da ake yi wa maƙwabciya. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo a wurin Sabuwa.

Wata safiya bayan ta yi mata wanka, Sabuwa ta tattare zanenta tana goge ruwa a ƙasa. Hajiya ta ƙura wa ƙafafunta ido.

"Auta, wa ya bar ki haka? Ji ƙafa kamar an yi birgima a toka. Miƙo min man nan, zo ki zauna."

Wata biyu rabon da ta ji wannan sunan. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafa a cinyar uwarta. Hajiya ta lakato man kaɗanya, ta narka shi a tafin hannu, ta bi ƙauri da gwiwa da cinya tana murzawa, tana faɗa a kan yaran da ba sa kula da jikinsu, tana tambayar ko malamar lissafi har yanzu tana takura mata. Minti ashirin cur Hajiya ta san 'yarta. Da ta rufe gwangwanin, sai baiwar Allah ta dawo. Washegari aka sake, jibi ma haka, har ya zama duk safiyar duniya sai an yi.

To, man kaɗanya ba kamar man kanti ba ne, shiga fata yake yi ya zauna. Sabuwa takan wanke ƙafafu da hannuwa sau biyu da sabulun wanke-wanke, ta shafa farin ruwan alli da ake sawa don riƙo, fatar ta yi kamar ta bushe. Amma da zufa ta karyo, sai man ya biyo ta. Ta fara zamewa a abubuwan da a da take yi ido rufe. Ta gaya wa Praise a waya.

"Are you mad? Shea butter, kuma ke kaɗai a ɗaki? Ki zaɓi ɗaya, Sabuwa. Ko mai ko pole."

Ta gwada zaɓen. Ranar da ta ɓoye gwangwanin, Hajiya ta wuni tana lalube a ƙarƙashin matashi, ta ƙi cin abinci, ba ta kira kowa da kowane suna ba. Sai Sabuwa ta bar ƙarfen mako uku. Bayanta ya riƙe, hannuwanta suka fara gazawa idan ta ɗaga Hajiya daga baho, kuma wata rana ta daka wa tsohuwar tsawa a kan cokali, abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Ta ga ba ta iya rabuwa da ko ɗaya. Ta koma tana yin duka biyun, tana gaya wa kanta za ta yi a hankali.

Wata Laraba ce a watan Yuli, ana zafi irin wanda gidajen Ingila ba su san yadda za su yi da shi ba. Ta hau, ta juya kai ƙasa, ta maƙale da bayan gwiwa, ta saki hannu. Ba ta ji zamewar ba sai da ta ga ƙasa ta taso. Ta miƙa hannun dama, ya sauka a wajen katifar. Ta ji ƙarar wuyan hannun, sannan kafaɗar ta biyo baya.

Mai hankali a nan zai kwanta yadda yake ya kira motar asibiti. Sabuwa kuwa abin da ya fara zuwa mata shi ne za a shigo a same ta da gajeren wando a gindin ƙarfe, maƙwabta na leƙe. Ta ja jiki ta ɗauko abaya, ta cusa karyayyen hannun cikin hannun riga tana cije leɓe, ta kulle ɗakin da hagu, ta sauko ta zauna a gindin matattakala, sannan ta buga waya ta ce faɗowa ta yi. Likitan ƙashi ya ce wannan cusawar ta ƙarasa yaga abin da faɗuwar ta fara. Aka yi mata aiki, aka ce wata shida, kuma ko bayan nan kada ta sa rai za ta ƙara ɗaga nauyi da wannan kafaɗar.

Ma'aikaciyar council ta dawo, ta dubi hannun a rataye, ba ta ma zauna ba. Ubaidullah ya zo haɗa kayan Hajiya don kai ta gidan tsofaffi. Yana neman akwati ya karɓi makullin ɗakin baya, Sabuwa ba ta da ƙarfin hana shi. Ya daɗe a sama. Da ya sauko bai kalle ta ba.

"Ba zan gaya wa kowa ba," ya ce.

"Yaya, bari in yi maka bayani."

"Ba sai kin yi ba. It's fine."

Ta so ya yi faɗa, ko ya tambaya, don ta samu ta faɗi labarin shekarun nan ko sau ɗaya da bakinta. Bai ba ta wannan ba. Ya sa Hajiya a mota, tsohuwar tana ɗaga wa baiwar Allah hannu ta taga.

Yanzu duk Asabar Sabuwa kan hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Gidan tsofaffin yana da tsabta, ma'aikatan suna da kirki, ba abin da za ta kushe, wannan ma wani baƙin cikin ne. Makon farko ta kai gwangwanin man, ta zauna a ƙasa ta miƙa ƙafa. Hajiya ta janye zanenta, ta dube ta kamar an yi mata rashin kunya. Mako na biyu ma haka. Sai Sabuwa ta bar gwangwanin a kan durowa ta tafi.

A mako na biyar ta iso da hantsi, ta tarar da ƙofar a buɗe. Wata ma'aikaciya mai suna Hannah, yarinya siririya, tana durƙushe a gaban kujera ta naɗe hannun riga, Hajiya tana murza mata mai a damtse.

"Kullum sai ta yi min," Hannah ta ce da Turanci, tana murmushi. "Tana kirana da wani suna, ban san ma'anarsa ba."

Sabuwa ta tsaya a bakin ƙofa da hannunta a rataye. Ta yi sallama, ta ce, "Umma, ina kwana."

Hajiya ta ɗago, ta amsa da fara'a irin ta mai gida.

"Lafiya lau, baiwar Allah. Samu wuri ki zauna, ki yi haƙuri. Bari in gama shirya Auta, kada ta makara makaranta."