Mai Jitar Taurarin Yalwawa

A bakin tashar motar Dutse, gaban shagon da ake tura wa mutane waƙoƙi a waya, wani dattijo yana tsaye da jita rataye a baya. Tsirkiya biyu kawai suka rage mata. Rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, yatsunsa na hagu kuwa sai latsa cinyarsa suke kamar yana kiɗa.

"Ɗan nan, duba mini Taurarin Yalwawa," in ji shi. "Mu biyar ne, da jita da ganguna. Kowace waƙarmu labarin mutum guda ce, daga farko har ƙarshe."

Mai shagon yana duba kwamfuta, yana girgiza kai. "Baba, ban taɓa jin sunan ba. Kana da kaset ɗin?"

"Gara ta ci kwalin, damina ta ƙarasa sauran."

Sai ya fara rera wata da kansa, ko za a gane ta: labarin manomin Miga da ruwa ya tafi da geronsa, ya sayar da akuyarsa ya nufi kudu. Muryar tana rawa amma da daɗi. Ana tsakiyar tafiyar manomin sai dattijon ya tsaya, bakinsa a buɗe. Da alama shi nasa kiɗa ne, baitukan a bakin wani suke.

"Baba, ya dawo gida kuwa?" wata mata mai jiran mota take tambaya.

"Hashimu mawaƙinmu ne ya san ƙarshen," in ji shi. "Bara muka binne shi."