Wankin Cikin Inna Tela da Ƙanwarta

Duk layin babu wanda bai san ƙarar keken ɗinkin Inna Tela ba. A ɗakin bakin ƙofa na gidan da iyayensu suka bari take ɗinki, tagarta na kallon titi, tef rataye a wuya, allura soke a gefen ɗankwali. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan da ɗanta tilo, da wannan keken kuma ta rene shi har ya yi karatu ya sami aiki a wani gari mai nisa.

Su uku iyayensu suka haifa: ita ce babba, sai namiji da ya zama direban babbar mota, sai Auta. Ita ta goyi Auta, ita ta ɗinka mata kayan makaranta, ita ta ɗinka na aure. Amma tun suna ƙanana ta lura da abu guda. In ita ta yi zazzaɓi sai a ce ta daure, ai babba ce. In Auta ta yi atishawa sai gida ya tashi. Girma bai canza komai ba. Auta ta auri wani mai shagon kayan gini, mutum mai sanyin hali da ke riƙe mata jaka a kan titi, ta haifi 'ya'ya masu rawar jiki a kanta. Inna Tela tana son ƙanwarta, ko maƙiyinta ya san haka. Sai dai duk sanda ta ga ana lallaɓa ta, sai ta ƙara taka keken da ƙarfi.

Da ciwon dajin hanji ya ɗauke ɗan'uwansu Direba, likitan da ya duba shi ya ce ya kamata a binciki waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi. Za a zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a leƙa babban hanji. Nas ta zaunar da su biyun ta yi musu bayani: sai hanji ya zama fes kafin a ga komai. Kwanaki kaɗan kafin gwajin a bar wake, a bar ganye, a bar duk abin da ke da ɓawo ko ƙwaya. Ana gobe gwaji kuwa ba abinci sam, sai ruwa, romon da aka tace, da shayi ba madara. Ta ba kowacce ƙullin garin maganin wanke ciki, rabi a sha da yamma, rabi da sassafe. Rana guda aka sa wa su biyun gwajin.

Da yake gidan iyayensu ya fi kusa da asibiti, Auta ta tare a can. Inna Tela na tsaye a taga ta ga ana sauke katifa, matasai, fanka, har da rediyo. 'Yan matan Auta biyu suka biyo ta, mijin kuma ya bar shago a hannun yaransa.

"Haihuwa za ki yi ne?" in ji Inna Tela.

"Kai Yaya, ni fa tsoro nake ji."

"To ni da ba na jin tsoro sai in kwana a kan tabarmata."

Ranar da aka daina abinci, tun hantsi Auta ta fara nishi. Wannan na yi mata fifita, waccan na tace romo har sau biyu kada ko ɗigon mai ya wuce. Inna Tela kuwa tana da rigar wata malamar makaranta da ta yi alkawarin gamawa. Ga yunwa, zare kuma ya ƙi shiga allura, sai da ta cire tabarau ta goge ta sake gwadawa. Can bayan azahar ƙaramar yarinyar ta leƙo da kofi.

"Inna, ga sauran romon Mama."

Inna Tela ta dubi kofin, ta dubi yarinyar. "Saura ko? Ajiye nan. An gode."

Ta sha, don yunwa ba ta bar ta ta yi fushi da kofi ba. Tana cikin sha wayarta ta yi ƙara, ɗanta ne. Ranta ya yi fari, ta gyara zama. Ya gaishe ta, ya ce Allah ya sa a yi a sa'a, sannan ya ce, "Ya jikin Anti Auta? An ce min tana shan wahala. Don Allah ki kula da ita, kin san ba ta da ƙarfin jiki."

"Ni ce na haife ka ko ita?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ita ma ta yi dariyar, ta kashe wayar, ta taka keken har sai da zare ya tsinke.

Da la'asar ta fito neman ruwa, ta tarar da mijin Auta durƙushe a bakin katifa da kofin shayi fari sol da madara, ga burodi a ɗaya hannun. Auta na tauna tana share hawaye.

"Me nake gani haka?"

Mijin ya miƙe yana sosa ƙeya. "Yaya, 'yar loma ce. Jiri take gani."

"Ba a gabanka nas ta yi magana ba?"

Babbar yarinyar ta ce, "Inna, ke ai ƙarfin hali gare ki. Mama ba za ta iya ba."

"Haka ne. Ni ai da dutse aka sassaƙa ni." Ta ɗebi ruwanta ta koma ɗaki.

Da yamma aka dama magani. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa gishiri a ruwan sabulu aka yayyafa sukari. Na Auta an sanyaya shi a firji, an sa mata tsinken zuƙa, ga yankakken lemon tsami tana lasa, duk kofin da ta gama sai an yi mata tafi. Inna Tela ta shanye nata da ɗumi, a tsaye, ta toshe hanci, tana jin tafin ta bango.

Ba a jima ba ciki ya fara ƙugi, kuma banɗaki ɗaya ne a gidan. Duk sanda Inna Tela ta fito da gudu sai ta tarar da yarinya tsaye a ƙofar kamar mai gadi.

"Mama na ciki, Inna."

"Ki ce mata ba ɗakin kwana ba ne!"

Haka ta yi ta rawa a tsakar gida, hannu a mara, tana cizon leɓe. Da sassafe ta shanye ragowar maganinta, har abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya, kamar yadda nas ta ce. Auta ta kurɓi nata ta yi kakarin amai, mijin ya ce ya isa haka, ya tuttular da sauran a kwata.

A asibiti aka yi wa Inna Tela allurar barci. Da ta farka, likita na tsaye a kanta yana murmushi. Ya ce hanjinta tas, ya ga ko'ina ba wahala. Ya ce ya tarar da wani ɗan tsiro ya cire shi, za a kai a bincika, kuma irinsa ne ake so a kama da wuri. Ta waiga dama, ta waiga hagu, tana neman wanda ya ji. Ba kowa. Duk suna bayan labulen da ke gefe, inda Auta ke kuka saboda an ce nata hanjin bai wanku ba, ba a ga komai ba, sai an sake daga farko.

Nas ta ce, "Mama, wa zai mai da ke gida? Ba a barin mutum ya tafi shi kaɗai bayan allurar nan."

"Suna can wajen 'yar gata. In sun gama sa tuna da ni."

Washegari Auta ta shigo ɗakin ɗinki ta zauna a bencin masu kawo aiki, ido a kumbure.

"Yaya, ba zan iya da mutanen nan ba. Suna ganin hawayena sai su karaya. Wannan karon ke za ki tsaya a kaina."

"Ni da aka cire min tsiro jiya, ni zan yi jinyar mai lafiya?"

Auta ta zabura. "Tsiro? Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Auta ta ƙwala wa 'yan gida kira. Nan da nan ɗakin ya cika. Aka sa wa Inna Tela matashi a baya, aka juyo mata fanka, ƙaramar yarinyar ta kama matsa mata ƙafa. Ta yi ta cewa su bari, amma ba ta janye ƙafar ba. Ta lumshe ido ke nan sai Auta ta tuna da Direba, ta fashe da kuka tana cewa yanzu da ta rasa Yaya ita ma fa? Kafin Inna Tela ta buɗe ido, hannun da ke matsa mata ƙafa ya koma bayan Auta, mijin kuma ya juya fankar.

Da ranar sake gwajin ta matso, Inna Tela ta kori mijin ya koma shagonsa, ta kori 'yan matan, ta kulle burodi da madara a akwatin yadi. Ta dama maganin da kanta, ta tsaya a kan Auta hannu a ƙugu. Auta ta yi kuka, ta yi magiya, ta ce dama Yaya ba ta taɓa tausayinta ba. Inna Tela ta ce ta ji, ta dai shanye. Ta shanye kuwa tas. Wannan karon likita ya ce hanjin Auta ya wanku tas kuma lafiya lau yake, sakamakon tsiron Inna Tela ma ya fito ba na daji ba ne, sai dai za ta riƙa dawowa ana dubawa.

Don murna, mijin Auta ya sayo yadi biyu iri ɗaya, ɗaya na matarsa, ɗaya na Yaya. Inna Tela ta kai su bakin taga, ta murza wannan, ta murza wancan, ta ce na Auta ya fi nauyi. Ya rantse daga bandir ɗaya aka yanko su. Auta ta ce to a yi musanya, aka yi. Bayan sun tafi Inna Tela ta sake murza wanda aka bar mata, ta taɓe baki, sannan ta shimfiɗa na Auta, wanda ta bari a ɗinka mata, a tebur ta ɗauko almakashi.